Tambayoyi da amsoshi kan kula da gashin baƙar mace: wanki, kitso, gashin ƙari da rilaksa

Waɗannan su ne tambayoyin da mata masu gashi mai murɗiya suka fi maimaitawa, a wurin mai kitso da gaban likitan fata. An fara da halittar gashin, sai wanki da mai, sannan kitso da gashin ƙari, daga ƙarshe matsalolin da sai an dangana da asibiti. Kina iya tsallakawa kai tsaye zuwa wadda ta dame ki.

Me ya sa gashinmu yake saurin bushewa da karyewa?

Dalilin yana cikin ƙirar silin gashin. Miƙaƙƙen gashi idan aka yanka shi aka duba da na'urar ƙara girma, bakinsa kewayayye ne. Namu kuwa a baje yake, kuma ramin da yake tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, shi ya sa tun daga tushe yake fitowa a murɗe. Duk inda silin ya yi kwana, wurin ya fi sauran rauni, kuma nan ne yake tsinkewa idan mataji ya ja shi.

Murɗiyar tana kuma hana maiƙon da fatar kai take fitarwa gangarowa zuwa ƙarshen gashi. Sai ki ga fata da maiƙo, bakin gashi kuwa a bushe ƙamas. Sili yana sarƙewa da ɗan'uwansa, wani ma ya ƙulle kansa da kansa. Babu cuta a cikin wannan. Gashi ne da yake son ruwa da hannu mai sassauci, kuma kusan duk shawarar da ke ƙasa daga waɗannan abubuwa biyu ta fito.

Shekara da shekaru gashina bai wuce wuya ba. Ya daina tsawo ne?

Bai daina ba. Gashin mutum yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, na 'yan asalin Afirka kuma yakan ɗan gaza haka. Kowane sili yana shafe shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Duk wadda ta taɓa yin rini ko rilaksa ta ga sabon toho a gindi bayan 'yan makonni. Idan gindi yana ƙaruwa amma tsawo yana nan jiya-i-yau, to bakin gashin ne yake kakkaryewa daidai gwargwadon abin da ya ƙaru.

Ki gwada da kanki. Ɗauki gashin da ya zubo ki duba: dogon sili mai ɗan farin ɗigo a kai ɗaya, wa'adinsa ne ya cika, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba abin damuwa ba ne. Gutsattsarin gajeru marasa ɗigo, waɗanda kike gani a kafaɗa da ƙasa bayan taje kai, su ne karyewa, su ne kuma suke cinye miki tsawo. Ki kuma tuna da tsukewa: gashi mai murɗiya sosai yana iya ɓoye fiye da rabin tsawonsa idan ya bushe, sai kin ja shi kike ganin gaskiyarsa.

Mene ne 4A, 4B da 4C? Dole ne in san nawa?

Rabe-rabe ne da Andre Walker, mai gyaran gashin Oprah Winfrey, ya fito da shi a shekarun 1990, daga 1 mai miƙewa zuwa 4 mai tsananin murɗiya, haruffan kuma suna nuna ƙananan rabe-rabe a cikin kowace lamba. 4C daga baya mata suka ƙara shi don gashin da ya fi kowane tsukewa. Yana da amfani wajen neman salon da zai dace da ke, amma ba ya gaya miki kaurin silinki, ko yawansa, ko yadda yake shan ruwa, alhali waɗannan ne suke nuna irin man da za ki saya. Mace ɗaya ma takan sami iri biyu a kanta, na ƙeya daban, na tsakiya daban.

Sau nawa ya kamata in wanke kaina?

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar sau ɗaya a mako, ko sau ɗaya a mako biyu. Mai yawan gumi, ko mai amosani, ta riƙe na mako-mako. Tsoron cewa ruwa yana karya gashi ya sa wasu suke yin wata guda ba wanki, sai mai da jel da ƙura su taru su toshe fatar kai, su kuma hana ruwa shiga silin.

Abin da ke karya gashi ranar wanki shi ne cukuikuye shi a tsakiyar kai. Ki raba shi kashi huɗu ko shida, ki warware sarƙewar kafin ruwa ya taɓa shi, ki sa shamfu a fatar kai kina murzawa da tafin yatsu, ban da farce. Kumfar da take gangarowa ta ishi sauran gashin. Kwandishina kuwa kowane wanki ne, kuma bakin gashi ya fi gindi buƙatarsa. Wajen tsane ruwa, matsewa ake yi da tawul mai laushi, ba a gurzawa.

Kullum ina shafa mai, amma gashin a bushe yake. Ina matsalar?

Mai ba ya jiƙa gashi. Aikinsa na murfin tukunya ne: yana riƙe abin da ke ciki, idan kuma tukunyar babu ruwa, murfin bai tsinana komai ba. Tsarin shi ne ruwa da farko, ko kwandishinan da ake bari a kai wanda ruwa ne farkon abin da aka lissafa a jikin robarsa, sai kirim, sai ɗan mai a sama. Wasu sun fi jin daɗin mai kafin kirim. Ki gwada duka biyun, ki ga wanda gashinki ya fi daɗewa da laushi.

Man kwakwa yana da wata fa'ida ta daban: yana shiga cikin silin, kuma wani bincike na 2003 ya nuna yana rage asarar furotin ɗin gashi, musamman idan aka shafa kafin wanki. Man kaɗanya da man zurma masu nauyi ne, sun dace da gashi mai kauri, amma suna danne siririn gashi. Basilin yana tsare danshi sosai, sai dai yana da wuyar fita. Duk wanda kika zaɓa, gashi za ki shafa wa. Lafta wa fatar kai mai yana iya tayar da amosani, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafe shi.

Yaya zan taje kaina ba tare da gashi ya cika mataji ba?

Kada ki taje shi a bushe. Ki jiƙa shi, ki sa kwandishina har ya yi santsi, ki fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa zuwa gindi. Hannu ɗaya ya riƙe gashin daga sama don kada jan ya isa tushe. Ƙullin da ya ƙi warwaruwa, almakashi mai kaifi ya fi fizga. Bakin da ya tsage kuma babu man da yake ɗinke shi, sai datsewa. Datsewar ba ta ƙara saurin tsiro, tana dai hana tsagewar hawa sama.

Da me zan riƙa kwana?

Da hula ko ɗankwali na satin ko siliki, ko rigar filo irin tasu. Auduga tana shanye danshi, tana kuma gogar gashi duk juyin da kika yi. Haka ma mai rufe kai da rana: ta sa satin daga ciki. Ki kula da robar hular da wurin ɗaurin ɗankwalin, domin idan kullum a gaban goshi suke zama da ƙarfi, su ma suna cin gashi.

Da gaske ne kitso yana sa gashi tsawo?

Kitso ba ya ƙara wa tushe sauri ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ɓoye bakin gashi da hutar da shi daga mataji na wasu makonni, sai abin da ya tsiro ya zauna. Wannan riba ce ta gaske, amma da sharaɗi: kitson ya zama mai sassauci, marar nauyi, kuma a tsefe shi kan lokaci. Da zarar ɗaya ya ɓace a cikin ukun nan, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Kitso yana mini zafi kwana biyu ko uku. Ai haka yake ga kowa?

Haka mata da yawa suka saba, amma sabo bai mayar da shi daidai ba. Idan kin kasa sunkuyawa, ko kin kasa kwanciya a kan kitson, ko girarki ta ɗage, ko sai kin sha maganin ciwon kai, to ana jan tushen gashinki fiye da ƙarfinsa. Ƙananan ƙuraje a gefen tsaga, da fatar da ta taso a gindin kitso, da ɗan farin abu da yake lulluɓe silin kusa da tushe, duk alamun abu ɗaya ne.

Ba ƙaramar matsala ba ce. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Afirka ta Kudu, ta wallafa bincike a 2007 da ya sami zubewar gashi ta dalilin ja a kusan kashi 32 cikin 100 na manyan matan da aka duba, da kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda aka ja musu gashin da ya riga ya sha rilaksa.

Ki yi magana tun layin farko, kafin a yi nisa. Makitsiya ta gari ba za ta ji haushin "don Allah a sassauta hannu" ba, wadda kuma ta ce miki sai ya yi zafi yake daɗewa, kitsonta take karewa, ba kanki ba. A bar ƙananan gashin gaban goshi da na gefen kunne, kada a kama su. Idan kin riga kin dawo gida da zafi, ruwan ɗumi yana ɗan sassautawa, amma layin da ya fito da ƙuraje tsefe shi za ki yi a ranar, ko da kitson bai kwana ba. Na san abin da ciwo, an ɓata yini an kashe kuɗi, amma tushen gashi ba a sayensa.

Gaban goshina ya cinye. Zai dawo?

Ya danganta da daɗewarsa. A farko tushen yana nan da rai, ya dai gaji. Idan aka daina jan wurin gaba ɗaya, gashi yakan fara dawowa cikin 'yan watanni. Idan aka ci gaba shekara da shekaru, tushen yakan mutu, tabo ya maye gurbinsa, fatar ta yi sumul tana sheƙi babu ko ramin gashi. A wannan matakin babu mai ko haɗin da zai tsirar da shi, sai dai dashen gashi. Wani abu da yake ruɗar mata shi ne siririn layin gashi da yakan rage a can gaba, sanƙon yana bayansa, sai a ɗauka gaban goshin lafiya yake.

Abin yi: a daina shuku mai tsauri, da ɗaure gashi da ribom a wuri ɗaya kullum, da kwantar da gaba da jel da buroshi, da gam ɗin wig. Likitan fata yakan rubuta maganin kumburi idan akwai ƙuraje, da minoksidil na shafawa mai ƙarfin kashi 2 ko 5, wanda yake ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin a ga aikinsa. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa shi sai da izinin likita. Idan kin huta wa wurin wata 3 babu canji, ki je asibiti, domin akwai wasu cututtukan da suke kama da wannan.

Mako nawa zan bar kitso a kaina?

Kalba mai gashin ƙari kada ta wuce mako 6 zuwa 8. Kitson kwance da gashinki kaɗai, mako 2 zuwa 3 ya isa. Yayin da sabon toho yake fitowa, kitson yana nisa da fata, nauyinsa kuma ya koma kan 'yan silin da ba a kitse ba, yana lilo yana murɗa su. Gashin da ya zube a ciki yana haɗuwa da datti ya dunƙule a gindi. Bayan tsifa ki ba kan hutun mako 1 zuwa 2, kuma kitso na gaba a sauya tsaga da inda yake fuskanta, don kada wuri ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyi.

Ana wanke kai da kitso a kai?

Ana wankewa, duk mako 1 zuwa 2. Ki tsarma shamfu da ruwa a roba mai tsinin baki, ki bi tsaga-tsaga, ki murza a hankali, ki ɗauraye sosai. Babban aikin shi ne busarwa. Gashin ƙari idan ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa, saboda haka ki tallafe shi da tawul, kada ki bar shi yana reto. Ki wanke da safe ko ki yi amfani da handiraya mai ɗumi kaɗan. Kitson da aka ɗaure ko aka kwana da shi da laima yana yin tsami, ya kuma jawo ƙaiƙayi.

Gashin ƙari yana sa ni ƙaiƙayi da ƙuraje. Mene ne a cikinsa?

Yawancin gashin da ake kitso da shi, wanda wasu ke kira gashin doki, zaren roba ne. Mafi shahara shi ne Kanekalon na kamfanin Kaneka da ke Japan. A masana'anta ana yi wa irin wannan zare rini, a kuma shafa masa sinadarai, kuma fatar wasu ba ta jure su. Idan ƙaiƙayin ya fara cikin kwana ɗaya ko biyu, ya bi wuya da kunne da duk inda gashin yake taɓawa, zaren ne. Idan a gindin kitso kaɗai yake tare da zafi, ki koma amsar zafin kitso.

Mata da yawa suna samun sauƙi idan suka jiƙa gashin a ruwan ɗumi da khal na kamar minti 20, suka wanke da shamfu, suka shanya ya bushe kafin ranar kitso. Wannan yana rage abin da ke saman zaren, amma ba ya sauya abin da aka yi shi da shi. A 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, mai gwada kayan kasuwa don kare masu saye, ta gwada nau'i 10 na gashin kitso na roba, ta sami sinadarai masu alaƙa da kansa a dukkansu, da dalma a 9. Wannan ya isa dalilin da makitsiya za ta daina riƙe gashin da baki, ta wanke hannu kafin cin abinci, a kuma daina ƙona bakin kitso da wuta a rufaffen ɗaki. Fuska ko fatar kai ta kumbura, ko ruwa ya fara fita, to a cire kitson nan take.

Gashin mutum na gaske bai cika jawo wannan ba, amma shi ma sau da yawa an yi masa rini da gyara, saboda haka a wanke shi kafin a sa.

Ƙananan kalba ko manya, wanne ya fi sauƙi ga tushe?

Ƙa'idar ita ce kada gashin da aka ƙara ya fi ƙarfin yankin gashin da zai ɗauke shi. Ƙanana ƙwarai suna ɗora nauyi a kan sili kaɗan, ga wahalar tsifa. Manya ƙwarai masu kaiwa ƙugu nauyi ne zalla. Matsakaita, masu tsayawa kafaɗa ko tsakiyar baya, sun fi aminci. Kalba marar ƙulli, wadda ake farawa da gashinki sannan a riƙa saƙa na ƙari kaɗan-kaɗan, ta fi sauƙi a gindi, amma ita ma mai nauyin hannu tana iya tsananta ta. Kwanakin farko ki bar kitson a sake, kada ki tattara shi sama ki ɗaure.

Na tsefe kai, gashi ya zube cike da hannu. Kitson ne ya cinye?

Ba lallai ba ne. Gashin da ya kamata ya faɗi kullum yana maƙale a cikin kitson, na mako 6 kuma idan ya fito lokaci ɗaya yana da ban tsoro. Ki yi gwajin farin ɗigon da aka ambata a tambaya ta biyu.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne zuba ruwa da shamfu kafin a warware. Dattin gindi da zubabben gashi suna haɗuwa su cure, har ta kai ga almakashi. Kowace kalba da kika tsefe, ki shafa mai ko kwandishina a gindinta, ki fitar da dunƙulen da yatsu, ki taje, sannan ki wuce ta gaba. Idan za ki yanke bakin gashin ƙari don sauri, ki yanke can ƙasa da inda kike zaton naki ya tsaya, domin ya ƙara tsawo. Kada ki fara tsifa kina gaggawar fita.

Wig da gashin ɗinki sun fi kitso aminci?

Wig na iya zama hutu na gaske idan kitson da ke ƙarƙashi mai sassauci ne, kuma ana cire shi da dare. Inda yake ɓarna shi ne gam a gaban goshi, da ƙananan matajan ciki masu kama wuri ɗaya kullum. Wasu gam ɗin suna ɗauke da roba irin ta safar hannun asibiti, wadda take tayar wa wasu mutane da borin jini mai tsanani. Gam ba a ɓamɓare shi, da abin narkar da shi ake cirewa.

Gashin ɗinki kuwa nauyinsa a kan kitson kwance yake, kuma zaren ɗinkin yana ƙara tsauri. Ƙa'idar mako 6 zuwa 8 ta hau kansa, haka ma ta busarwa, domin ƙarƙashinsa ya fi ko'ina riƙe laima.

Rilaksa tana da illa?

Rilaksa tana miƙar da gashi ne ta hanyar karya mahaɗan da suke riƙe murɗiyarsa, kuma abin da ta karya ba ya komawa. Akwai mai ɗauke da sinadarin sodiyam haidiroksaid, akwai wadda ake rubuta wa cewa babu shi. Ta biyun ta fi sauƙi ga fata, amma takan fi busar da gashi, kuma dukkansu suna ƙona kai. Raɗaɗi ba alamar tana aiki ba ne, alamar a wanke ne.

Mai yi ta kiyaye waɗannan: wata 2 zuwa 3 tsakanin ɗaya da ɗaya, a sabon toho kaɗai, ban da sosa kai ko tsifa a ranar, a kare fata da basilin, kada a wuce mintunan da aka rubuta, a wanke da shamfunta na kashe ƙarfi. Kitso mai ƙari ya jira aƙalla mako 2, saboda abin da aka faɗa a amsar zafin kitso.

Akwai kuma batun lafiyar jiki. A 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun fitar da binciken da ya bi mata sama da 33,000. An ƙiyasta cewa kashi 1.64 cikin 100 na waɗanda ba sa amfani da sinadaran miƙar da gashi za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, masu yi fiye da sau 4 a shekara kuwa kashi 4.05. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai tabbatar da cewa rilaksar ce sanadi ba, kuma cutar ba ta da yawa. Duk da haka, a ganina ya isa ya sa mace ta rage yawan yi, ta kuma guji sawa a kan da yake da rauni ko ƙuna.

Ina so in bar rilaksa. Sai na aske?

Ba dole ba ne. Wasu suna datse mai rilaksar gaba ɗaya su huta, wasu suna bari sabon ya taso suna rage tsohon kaɗan-kaɗan. Mai bin hanya ta biyu ta san cewa mahaɗar gashin biyu ita ce mafi rauni, nan yake tsinkewa. Kwandishina mai zurfi, wato wanda ake bari ya ɗan daɗe a kai kafin a ɗauraye, kowane mako da kitso mai sauƙi su ne abokan tafiya. Babu wani mai da yake mayar da gashin da ya sha rilaksa yadda yake a da.

Zan iya miƙar da shi da zafi?

Lokaci-lokaci, kuma kada ya wuce sau ɗaya a mako. Gashi ya bushe sarai kafin ƙarfe ya taɓa shi, domin ruwan da ke cikin sili yana tafasa ya fasa shi daga ciki. Ki shafa abin kare zafi, ki tsaya ƙasa da digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, ki wuce sau ɗaya a kowane yanki. Gashin da ya ƙi komawa murɗiyarsa bayan wanki ya ƙone ke nan. Kitson zare ko manyan kalba na dare ɗaya suna miƙar da gashi babu zafi ko kaɗan.

Amosani ya ƙi jin mai. Me zan yi?

Yawancin amosani ba bushewar fata ba ne. Wani ƙwayar naman gwari ne da yake zaune a fatar kowa yana cin maiƙo, fatar wasu kuma tana yin kumburi saboda shi. Shafa mai yana kwantar da ɓawon na kwana ɗaya ko biyu, amma wasu mayukan, irin su man zaitun, abinci ne gare shi.

Maganinsa shamfu mai ketokonazol ko seleniyam salfaid. A sa a fatar kai, a bar shi kamar minti 5, a ɗauraye, a bi da kwandishina domin yana busar da gashi. Aƙalla sau ɗaya a mako har ya lafa, sannan jefi-jefi, tunda yana dawowa. Idan wata guda ya wuce babu sauƙi, ko ɓawon mai kauri ne ya sauko goshi da bayan kunne, likita ya duba.

Tsakiyar kaina ce take raguwa, ba gaba ba. Mene ne wannan?

Wannan tambayar ba ta jira. Akwai nau'in sanƙo mai barin tabo da likitoci suke kira CCCA, wanda ya fi kama baƙaƙen mata masu matsakaicin shekaru. Yana farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a kewaye. A 1968 an jingina shi ga matajin ƙarfe mai zafi, daga baya aka gan shi ga matan da ba su taɓa amfani da shi ba, kuma a 2019 bincike ya gano alaƙarsa da ƙwayar gado mai suna PADI3. Shi ya sa ake ganinsa a uwa da 'ya.

Wata takan ji ƙaiƙayi, ko tsikari, ko zafi idan an taɓa wurin. Wata ba ta jin komai sai gashin tsakiya da yake ta karyewa. Likita yakan ɗan yanki fata a gwada, sannan ya ba da maganin kumburi na shafawa, ko allura a fatar kai, ko na sha. Manufar ita ce ceto tushen da ya rage, domin wanda ya riga ya zama tabo ba ya dawowa. Rufe wurin da wig ana jiran wani mai ya yi aiki shi ne yake cinye watannin da magani zai yi amfani.

Gashina yana zubewa tun bayan haihuwa. In sha bayotin?

Lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yakan tsaya, sai ya zube tare wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Ga yawancin mata yana komawa daidai kafin yaro ya cika shekara. Zazzaɓi mai tsanani, tiyata, da ramewa farat ɗaya su ma suna jawo irin wannan bayan wata 2 zuwa 3. A wannan lokacin ki guji gashin ƙari mai nauyi.

Bayotin, wani nau'in bitamin da ake sayarwa don gashi, yana taimakon wadda take da ƙarancinsa ne, kuma ƙarancin ba kasafai ake samunsa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa yawansa yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na zuciya. Idan zubewar ta wuce wata 6 babu alamar lafawa, gwajin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da na tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya, ya fi sayen ƙwayoyi amfani.

'Yata tana kuka duk ranar kitso. Yaya zan kula da kanta?

Ki ɗauki kukan da muhimmanci. Cinyewar gaban goshi da yawa tun ƙuruciya take farawa, kuma yarinya ba ta iya cewa a sassauta. Manyan kitso marasa ƙari, waɗanda ake gamawa da wuri, sun ishe ta. A rage duwatsun ado masu nauyi da ƙananan robobi masu tsinka gashi, a bar rilaksa. Ruwan zafin da ake tsoma bakin kitson roba a ciki ya ƙona yara da dama a baya da wuya, saboda haka kada a yi wa yarinya shi.

Idan kin ga wani fili a kanta mai ɓawo, gashin ya gutsure daga gindi, ko kumburi mai ruwa da ƙaluluwa a wuya, mai yiwuwa makero ne. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin silin gashin. Sai maganin sha irin su girisiyofulbin ko tabinafin na makonni, wanda likita zai auna da nauyin yarinyar. Yana yaɗuwa ta mataji, kibiya, hula da filo, saboda haka a ware mata nata, a wanke kayan kitso, a kuma duba kawunan sauran yaran gidan.